Yadda Ake Tayar da Tsohon Jirgin Yaƙi Ya Sake Tashi: Aikin Hawker Hurricane Daki-Daki

Tsakanin 1937 da 1944 an ƙera jirgin yaƙi samfurin Hawker Hurricane kusan 14,500 a Ingila da Kanada. Yau idan aka tattara waɗanda ke iya ɗagawa sama a duk faɗin duniya, ba za su kai 20 ba. Wasu sun ƙone a fagen fama, wasu na kwance a ƙasan teku, mafi yawa kuwa 'yan gwangwan ne suka sassare su da aka gama yaƙi. 'Yan kaɗan ɗin da ke tashi yanzu, kusan kowannensu sai da aka wargaza shi har noti na ƙarshe aka sake haɗa shi.

Jirgin nan ba baƙo ba ne a sararin ƙasar Hausa. Daga watan Satumba na 1940, a Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila suna kawo shi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi da ke Gana ta yanzu, a haɗa shi a can, sannan ya taso ta Legas, ya sauka Kano, ya wuce Maiduguri, Fort Lami wato Njamena ta yau, Alfashir, Khartum, har Masar. Jirage sama da 5,000 iri daban-daban suka bi wannan hanya, Hurricane na cikin na gaba-gaba. Amma aikin farfaɗo da shi a Ingila ya fi kafuwa, don haka ƙa'idojin can za mu bi a wannan jagora.

Abu ɗaya ya kamata ya zauna maka tun yanzu. Hukumar sufurin jiragen sama ba ta ba jirgi izinin tashi don ya yi kyau ko don inji ya yi ƙara mai daɗi. Tana ba shi ne idan kowane ƙarfe da ke jikinsa yana da takardar da ta nuna daga ina ya fito, wa ya auna shi, wa ya sa hannu. Duk matakan da ke tafe, wannan ne zaren da ya ɗinke su.

Mataki na farko: san abin da za ka saya, da kuma mai shi

Kafin ka taɓa sifana, ka fara da lambar jirgin. Kowane jirgin sojan saman Ingila yana da lambar da aka ba shi, kamar R4118 ko P2902, kuma akwai ɗan farantin ƙarfe da masana'anta ta buga a jikinsa. Matsayin farantin nan kamar lambar shasi ce a mota: idan babu ita, ko ta saɓa da takardu, to ƙarfe kawai ka saya.

Da lambar za ka bi tarihinsa. Gidan tarihin sojan sama da ke Hendon a Landan yana riƙe da katin da ake kira Form 78, wanda ke nuna ranar da aka karɓi jirgi da kowace runduna da aka tura shi, da kuma Form 1180 na haɗurran da ya yi. Littattafan aikin yau da kullum na rundunoni kuma suna ma'adanar takardun gwamnati da ke Kew, ƙarƙashin jerin AIR 27. A nan za ka ga wa ya tuƙa shi, wace rana, ya je ina. Wannan binciken ba na nishaɗi ba ne, shi ke yanke farashi. Jirgin da aka tabbatar ya yi yaƙin sararin Birtaniya na 1940 ya ninka wanda bai taɓa barin makarantar koyon tuƙi ba daraja, ko da na biyun ya fi lafiyar jiki.

Sai maganar mallaka, inda mutane da yawa ke cin tuntuɓe. A Ingila dokar kare ragowar kayan soja ta 1986 ta hana kowa tono jirgin soja da ya faɗi sai da lasisin ma'aikatar tsaro, kuma ba a bayarwa idan ana zaton akwai gawa ko bam a wurin. A wasu ƙasashe, jirgin kayan gwamnati ne ko da ya shekara 70 a gonar wani. Haka abin yake ga tsofaffin jiragen yaƙin basasar Najeriya irin su MiG-17 da Il-28 da ke gidan tarihin yaƙi na Umuahia: kayan tarihi ne na ƙasa, ba hajar ciniki ba.

Dubi yadda ta kaya da R4118. Peter Vacher ya fara ganin jirgin a 1982 a harabar jami'ar Banaras da ke Indiya, yashe a fili, rana da damina sun cinye yadi da katakon jikinsa. Cinikin da neman izinin fitar da shi sun ja shekaru, sai 2001 ya samu ya kai shi Ingila. Gyaran kansa bai kai tsawon cinikin ba, don a watan Disamba na 2004 jirgin ya sake tashi. Ka kuma yi hattara da labaran "an binne jirage sababbi a cikin akwatuna". A 2013 an kashe maƙudan kuɗi ana tono a filin jirgin Yangon na ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, ana neman jiragen Spitfire, wani samfurin jirgin yaƙin Ingila na zamanin Hurricane, da aka ce an binne, ba a samu ko ɗaya ba.

Mataki na biyu: lissafi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin Hurricane yana cin dubun-dubatar awanni na hannun gwanaye, shekaru uku zuwa sama, da miliyoyin fam. Don ka san ma'aunin kasuwar, a 2015 an yi gwanjon wani Spitfire mai lamba P9374 a Landan kan fam miliyan 3.1. Masu sana'ar sun daɗe suna cewa Hurricane ya fi Spitfire cin lokaci, alhali a kasuwa Spitfire ya fi farin jini. Wanda ya shiga don riba, ya sake tunani.

Tun a wannan mataki ka zaɓi kamfanin da hukumar jiragen sama ta Birtaniya ta amince masa ya yi irin wannan aiki, ka kuma sanar da hukumar kafin a fara. Kamfanin Hawker Restorations da ke yankin Suffolk shi ya fi kowa suna a kan Hurricane, su suka tayar da R4118, su kuma suka tayar da P2902 wanda ya faɗi a bakin teku kusa da Dankak ta ƙasar Faransa a watan Mayu na 1940 ya sake tashi a 2017. Wanda ya yi aiki shekara biyu a garejinsa sannan ya kira jami'in hukuma, zai iya jin an ce a kwance komai a sake, tunda ba wanda ya ga abin da aka rufe a ciki.

Mataki na uku: ɗauko shi

Kafin a motsa komai, a yi hoto ta kowace kusurwa, a auna, a rubuta. Sannan a kira masu kwance bama-bamai su duba, don harsasan da suka shekara 80 a cikin fiffike suna iya tashi, haka tulun iskar shaƙa da ke ɗauke da matsi. Bindigogin, guda takwas ne ƙirar Browning a samfurin farko, suna ƙarƙashin dokar makamai, sai an lalata su ta hanyar da doka ta tsara ko a miƙa su ga hukuma.

Akwai haɗarin da ba a gani da ido. Lambobi da allurai na agogunan gaban matuƙi an shafa musu fenti mai sinadarin rediyam don su yi haske da dare. Hasken ya daɗe da mutuwa amma tururin gubar na nan. Kada a buɗe gilashin agogo, kada a hura ƙurarsa, a sa na'urar auna tururi ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma asbesto a naɗe jikin wasu bututai kusa da inji.

A cire fuka-fukai, a ɗora gangar jiki kan gadon katako da aka yi daidai da ita, a sa a kwantena. Kada zuciya ta raya maka gyara shi a inda yake ka tashe shi daga can. An gwada haka da wani jirgin jefa bama-bamai na Amurka samfurin B-29 mai suna Kee Bird da ya yi saukar dole a kan ƙanƙarar Girinlan a 1947. An kai masa sababbin injina da farfeloli, an yi wata da watanni ana aiki cikin sanyi, a watan Mayu na 1995 yana gangarawa don tashi sai tankin man wani ƙaramin janareto da aka ɗaure a bayansa ya zubo, wuta ta kama, jirgin ya ƙone ƙurmus mutanen na tsaye suna kallo.

Mataki na huɗu: wargazawa da tantancewa

A rumfar aiki, kowane abu da aka cire a ɗaura masa kati: sunansa, lambarsa a littafin kayan gyara, inda aka ciro shi. Littattafan gyara na asali, jerin AP 1564 na jirgin da AP 1590 na injinsa, su ne alƙalai, tare da zanen masana'anta. Ka tanadi sifanu na ma'aunin Ingila na da, domin notin jirgin nan BSF ne da BA, sifanar milimita za ta cinye musu kai ne kawai.

Bayan wankewa da cire tsohon fenti, sai gwajin da ba ya lalata kaya. Ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa ana sa masa maganaɗisu a watsa masa garin ƙarfe, garin ya taru a kan tsagar da ido ba ya gani. Sanholo kuma ana shafa masa jan ruwa mai kutsawa, a goge, a fesa farin hoda, inda akwai tsaga jan ya ɓullo. Wuraren da ba a iya kaiwa a yi musu hoton ƙashi irin na asibiti, ko a zura ƙaramar kyamara. Daga nan kaya su kasu uku: wanda zai koma jirgi, wanda za a gyara, da wanda zai zama samfur kawai a auna shi a ƙera sabo. Kashi na ukun nan yakan fi yawa. Kada a zubar da shi, shi ne shaidar cewa jirgin da ka gina ya samo asali daga wanda ka saya.

A nan ne gardamar da ba ta ƙarewa take. Jirgin da ya shekara 40 a cikin yashin teku, abin da zai koma sama daga jikinsa na asali bai taka kara ya karya ba. Wasu na cewa wannan sabon jirgi ne aka manna wa tsohon faranti. A ganina ba laifi ba ne a sauya ƙarfen da ya ruɓe, ran matuƙi ya fi tsohon bututu. Laifin shi ne ɓoyewa. A rubuta abin da yake na asali da abin da yake sabo, mai saye na gaba ya san abin da ya biya.

Mataki na biyar: ƙashin jirgin, inda wahalar take

Sydney Camm, wanda ya zana Hurricane, bai yarda da walda a gangar jiki ba. Ya gina ta ne da bututan ƙarfe da na sanholo da aka jera kusurwa uku-uku, aka ɗaure da wayoyin ƙarfe masu ɗamewa. Kowane bututu zagayayye ne, amma bakinsa an matse shi ya koma mai kusurwa huɗu, don ya kwanta daidai tsakanin faranti biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ana huda su tare, a zura ɗan guntun bututu a cikin ramin don kada matsi ya lotsa bakin, sannan a ɗaure da ribiti mai rami a tsaka ko da noti. Mahaɗa ɗaya tak tana iya ɗaukar ƙananan kaya gommai. Hikimar ita ce a fagen yaƙi idan harsashi ya fasa bututu, makaniki ya kwance shi ya sa wani ba tare da neman mai walda ba. Abin da ya zama sauƙi a 1940 shi ya zama ciwon kai yau, don injinan da ke matse bakin bututun sun ɓace tare da masana'antun, sai da masu gyara suka sake ƙera su.

Ga yadda aikin ke tafiya. Ana kafa gadon ƙarfe mai nauyi a ƙasa, a daidaita shi da ma'aunin ruwa, a ɗaure manyan mahaɗai a inda zane ya ce. Farantan mahaɗa na asali sau da yawa suna tsira, tunda ba sa tsatsa, kuma su ne galibi abin da ke komawa sama daga tsohon jirgin. Bututan kuwa daga ciki suke ruɓewa, waje ya yi kyau ciki ya zama gari, shi ya sa kusan duka ake sauya su. Sabon bututu dole ya zo da takardar masana'anta mai nuna irin ƙarfen da ƙarfinsa. Idan irin na da ya ƙare a duniya, ba makaniki ke zaɓar madadinsa ba, injiniyan ƙira ne zai yi lissafi ya rubuta, hukuma ta amince. Ramukan ba a gama su da dirila, ana bin su da abin gyara rami har ƙusa ta shiga da ɗan matsi, ba ta rawa ba a kuma buga ta da ƙarfi. Rami ɗaya ya yi faɗi, bututun ya tashi aiki. Kafin a rufe, a zuba man hana tsatsa a cikin kowane bututu, a shafa maganin raba ƙarfe a duk inda sanholo ya haɗu da baƙin ƙarfe, don in suka taɓa juna da danshi sanholon ne ke cinyewa. Daga ƙarshe a ɗame wayoyin bi da bi, ana aunawa, don waya ɗaya da ta fi 'yar'uwarta ɗamewa tana karkatar da wutsiya gaba ɗaya.

Wanda ya fi wannan wuya shi ne gadar tsakiya, wato dogayen ƙarafa biyu da ke ratsa ƙasan jirgin suna ɗauke da fuka-fukai da ƙafafun sauka. Ba bututu ba ne na kasuwa. Falle ne na ƙarfe mai tauri da ake bi da shi ta cikin jerin naɗoɗi har ya lanƙwashe ya zama mai kusurwa 12, a zura wani cikin wani, a haɗa na sama da na ƙasa da faranti. Rashin wannan gada ne ya hana Hurricane da yawa tashi shekara da shekaru, har sai da aka samu masu naɗa ta a Ingila. Tsohuwar gada mai tsatsa ba ta da gyara, kuma duk wanda ya ce maka zai goge ta ya yi mata fenti, ka nemi wani.

Fuka-fukan sun fi sauƙin fahimta ga makanikin zamani. Na farko-farko yadi ne a jikinsu, amma daga 1939 aka koma fatar sanholo da ribiti, kuma irin waɗannan ne a jikin kusan duk masu tashi yau. Su ma a gadon ƙarfe ake haɗa su don kada su murɗe.

Mataki na shida: kafinta da tela

Siffar da ido ke gani daga bayan matuƙi zuwa wutsiya ba ƙarfe ba ne. Katako ne: baka-baka na falawud da siraran sanduna na itacen sifurus a jere a kansu. Tsohon katako ba ya komawa, gam ɗin da aka yi amfani da shi a da daga madara ake yin sa, danshi na kashe shi. Sabon itace sai an duba cewa zarensa a miƙe yake, babu ido, an kuma auna danshinsa.

A kan katakon ake shimfiɗa yadin lilin na Ailan, a ɗinke shi da zare mai kakin zuma, kowane ɗinki da ƙullinsa, a rufe layin ɗinkin da kintinkiri mai baki kamar haƙoran zarto don kada ya zare. Sai a shafa wani ruwa da ake kira dof, wanda ke sa yadin ya ɗame. Jan dof ne farko, a cusa shi da buroshi ya ratsa zaren, sannan mai ruwan azurfa wanda ke tare hasken rana, don rana ce babbar abokiyar gabar lilin. Idan aikin ya yi, ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji yana amsawa. Ɗakin shafin ya zama da ɗumi, babu danshi, in ba haka ba dof ɗin ya yi fari-fari ya ƙi kamawa. Yana kuma kama wuta kamar fetur, ko tartsatsin soket ya isa. Akwai yadin roba na zamani da ya fi lilin daɗewa, wasu na sa shi, masu son asali kuwa ba sa ko kallonsa. Kada a manta da ƙananan ramukan zubar ruwa a ƙasan kowane sashe.

Mataki na bakwai: inji da farfela

Injin Rolls-Royce Merlin ne, silinda 12, lita 27, bawul 48, fulogi 24 da maganeto biyu, ta yadda in ɗaya ya mutu ɗayan zai riƙe. Merlin III na samfurin farko yana ba da ƙarfin doki 1,030. Wannan ba aikin rumfarka ba ne. Ana naɗe shi a aika wa ƙwararru, irin su Retro Track and Air a Ingila ko Vintage V-12s a Kalifoniya. Za su wargaza shi, su gwada karanshaf da sandunan fistin da maganaɗisu, su auna kowace silinda, su matsa ruwa a kan injin su ga ko yana yoyo, sannan su ɗora shi a kan abin gwaji ya yi awanni yana aiki kafin ya dawo.

An ƙera Merlin sama da 150,000, saboda haka kayan gyara na yawo a kasuwa, kuma nan tarkon yake. Akwai ɗan'uwansa mai suna Meteor da aka yi wa tankokin yaƙi. Kayansu sun yi kama ƙwarai, har ma wasu kayan Meteor asalinsu na Merlin ne da aka ƙi amincewa da su a jirgi. A tanka in inji ya tsaya sai a sauka a duba, a sama kuwa babu wannan damar. Duk abin da ba a san tarihinsa ba, kada ya shiga injin jirgi komai arharsa.

Lagireto na ƙarƙashin cikin jirgin, a haɗe da mai sanyaya baƙin mai. Sabon ciki ake yi masa. Ruwan sanyayawa ya danganta da samfurin injin: na farko sinadarin gilaikol zalla suke sha, na baya kuma ruwa kashi 70 gilaikol kashi 30 a ƙarƙashin matsi. Farfela in ta kamfanin Rotol ce, fuka-fukanta na katako ne da aka matse, kuma abin dariyar shi ne yawancin sababbin da ake sawa yau kamfanin Hoffmann na Jamus ke yin su, ƙasar da aka ƙera jirgin don a yaƙa.

Mataki na takwas: jijiyoyi

Duk abin da yake roba ne, tiyo, zoben toshe yoyo, taya, a sauya ba tare da tambaya ba. Wayoyin lantarki ma haka. Ƙafafun sauka da faifan rage gudu na bayan fiffike da matsin mai suke aiki, birki kuma da iska. A ɗora jirgin a kan jak, a naɗe ƙafafun a sauke su sau da yawa, da famfon inji da na hannu, a gwada hanyar sauke su ta gaggawa. Tankunan mai uku ne, biyu a gindin fuka-fukai, ɗaya mai galan 28 a gaban matuƙi daf da agoguna. Wannan na gaban ne ya ƙone fuskoki da hannayen matuƙa da yawa a 1940, don haka duk haɗin da ke kusa da shi a gwada shi da matsi, a sake gwadawa. Rediyo da na'urar da ke nuna wa hasumiya inda jirgi yake dole su zama na zamani, ana dai ɓoye su inda ba za su ɓata fasalin ɗakin matuƙi ba.

Fenti a bi hotuna da takardun rundunar. Sa tambarin soja maimakon lambar farar hula ma sai da izini.

Mataki na tara: awo da tayar da inji a ƙasa

An cire bindigogi, harsasai, tsohuwar rediyo mai nauyi, wataƙila da sulken bayan kujera. Wato nauyin jirgin ya gusa daga inda Camm ya ajiye shi. A ɗora shi kan sikeli uku, a lissafa tsakiyar nauyinsa, a ɗaura dalma inda lissafi ya nuna. Sannan a auna iyakar motsin kowane abin sarrafawa da digiri, mutum biyu daban-daban su duba, kowa ya sa hannu. An sha yin haɗari saboda an haɗa wayoyin sarrafawa a juye.

Kafin tayarwar farko a tura baƙin mai mai ɗumi ya zaga injin. Masu kashe gobara su tsaya kusa. Da ya kama, ido na kan agogon matsin mai, in bai motsa ba cikin 'yan daƙiƙu a kashe. Merlin ba ya son daɗewa a ƙasa, ruwansa na saurin tafasa, don haka gajere-gajere ake yi, ana kashewa ana duba matatar mai ko akwai ɓurɓushin ƙarfe. Ranar da za a ba shi wuta sosai, a ɗaure wutsiya da ƙasa, in ba haka ba zai kifa da hanci farfela ta ci ƙasa. A zamanin yaƙi mutane ake sa wa su hau wutsiyar. A 1945 wata ma'aikaciya, Margaret Horton, tana kan wutsiyar wani Spitfire matuƙin ya manta ya tashi da ita, ya zaga fili ya sauko tana maƙale, da ranta. Jirgin, AB910, har yanzu yana hannun rundunar tunawa ta sojan saman Ingila da ke Coningsby.

Mataki na goma: tashin gwaji da izini

Mai jirgi ba shi ke fara tashi da shi ba, ko da matuƙi ne. Matuƙin gwaji da hukuma ta amince da shi ake kira, wanda ya saba da irin waɗannan jirage. Ana zaɓar rana mai tsabta, iska kaɗan tana fuskantar titin, fili mai faɗi. Tashin farko gajere ne kuma a saman filin ake yin sa, yadda in inji ya yi tari zai iya sauka. Hurricane na da wata ɗabi'a: hannun naɗe ƙafafu na dama, saboda haka da an bar ƙasa sai matuƙi ya saki maƙurar inji, wato totur, ya karɓi sandar tuƙi da hagu, ya kai dama ga hannun. Dole maƙurar ta zama a ɗaure tamau don kada ta zame baya, kuma ƙafafun su shige kafin gudu ya wuce mil 120 a awa.

Tashi na gaba-gaba su ake gwada hawa, gudu, yadda yake yi idan gudu ya yi ƙasa har fiffike ya daina ɗauka, da zafin ruwa da na mai a kowane hali. Bayan kowane tashi a buɗe murafan inji a duba. Idan rahoto ya cika, hukuma ta ba da takardar da suke kira Permit to Fly, wadda ba ta kai cikakkiyar shaidar jiragen fasinja ba: da rana ake tashi, cikin sarari mai kyau, bisa sharuɗɗan da ke cikin kundin CAP 632 na tsofaffin jiragen soja. Shi kuma mai jirgin in yana son tuƙawa, sai ya bi tsani: ƙaramin jirgi mai taya a wutsiya kamar Chipmunk, sannan jirgin koyo na Harvard, sannan Hurricane.

Bayan ya tashi

Kowace shekara akwai babban bincike kafin a sabunta izinin, yawanci da sanyi ake yin sa lokacin da ba a wasannin sama. Injin kan koma wurin ƙwararru bayan kimanin awa 500. Lilin yana da shekarun da zai yi a sauya shi, kuma lokacin sauyawar ne kaɗai ake sake ganin bututan ciki da ido, don haka a yi amfani da damar. Inshora, kuɗin rumfa, da fetur ɗin jirgi na 100LL ba sa tsayawa ko jirgin na ajiye. Ajiyewar ma illa ce, injin da ya daɗe bai zaga ba daga ciki yake tsatsa.

Duk da wannan kulawa abu na iya faruwa. LF363, Hurricane ɗin rundunar Coningsby, yana hannun sojan sama tun 1944 ana kula da shi yadda ya kamata, amma a watan Satumba na 1991 kamshaf ɗin injinsa ya karye a sama. Matuƙin ya yi ƙoƙarin sauka a sansanin Wittering, jirgin ya faɗi ya kama wuta, shi ya tsira da rauni. Ragowar ta yi shekaru a ajiye kafin a samu kuɗi, har sai da rundunar ta sayar da ɗaya daga cikin jiragenta na Spitfire don biyan aikin. Kamfanin Historic Flying ya fara sake gina shi a 1994 daga mataki na huɗu na wannan jagora, ya koma sama a 1998.